Ranar da Layi Ya Zo Kan Elmore Mai Tuba

Elmore Dugas ya yi rayuwarsa kaf a layin baya. A motar bas ta birnin New Orleans baƙar fatarsa ce ta kai shi can. A coci faɗin kafaɗarsa ne, don kada ya tare wa mutane fasto. A dandalin kiɗan jaz kuwa tuba ce ta ajiye shi kusa da mai ganga, wato ƙaton kakakin tagullar nan da mutum ke shiga cikinsa ya saɓa a kafaɗa. Da rana yana sauke ayaba a bakin kogi, ranar Lahadi da ranar jana'iza kuma yana busa wa ƙungiyar makaɗan unguwar Tremé.

Shugaban ƙungiyar shi ne Placide Honoré, mai aski, mai busa ƙaho, mai baki kamar rediyo. Duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya sha wa'azi kafin aska ta taɓa shi.

"Ku dubi jaz," in ji shi, "ita kaɗai ce dimokuraɗiyyar gaskiya a ƙasar nan. A fara waƙa tare, sannan a ba kowa fili ya faɗi abin da ke cikinsa. Babu fari, babu baƙi, kowa da layinsa!"

Haka al'adar take. In an gama amshi, shugaba ya gyaɗa wa ɗaya kai, shi kuma ya busa nasa shi kaɗai, in ya gama ya gyaɗa wa na gaba. Sai dai wuyan Placide yana da wata lalura: ba ya juyawa baya. Ya busa nasa ya ƙara, ya ɗan sam wa Achille mai sarewa, ya karɓe abinsa. Elmore na can yana bum, bum, bum, yana riƙe wa kowa ƙasa.

Abin yana cin ransa ƙwarai. Yana da waƙar da ya daɗe yana shiryawa a bayan gida, har karen maƙwabta ya haddace ta. Matarsa Odile takan ce masa, tana juya jan wake a tukunya, "Kai dai ka busa wa kaji. Su ma ba don suna ɗaure ba da sun tafi."

Wata rana ya tare Placide a shago. "Ɗan'uwa, wannan layin da kake ta faɗa, yaushe zai zo kaina?"

Placide ya dafa shi. "Haba Elmore, kai ne fa ginshiƙinmu. In ka saki ƙasa gidan ya rushe. A yi haƙuri, lokaci bai yi ba."

Elmore ya san maganar nan sarai. Ita farin magatakardan ofishin rajistar zaɓe ke faɗa masa duk shekara, bayan ya sa shi karanta dokar ƙasa ya ce bai fassara daidai ba. Bambancin kawai, magatakardan ba ya kiransa ɗan'uwa.

Aka yi zanga-zanga, Elmore ya sha kulki, ya kwana a bayan kanta. Doka ta canza, aka ba baƙaƙe ƙuri'a, ya sa kwat ɗin cocinsa ya je ya jefa tasa. Ya shiga bas ya zauna a gaba har direba na jin numfashinsa. Gwamnati, da duk taurin kanta, ta riga Placide gyaɗa masa kai.

Sai Placide ya faɗi a shago da aska a hannu, bai sake tashi ba.

Aka yi masa jana'iza irin ta makaɗa. A hanyar maƙabarta kiɗa a hankali yake, mai ganga ya cusa hankici a ƙarƙashin tsarkiyarta don kada ta yi ƙara. Elmore ya yi kuka na gaske, don shekarun da suka yi tare ba wasa ba ne. Da aka sallami gawa, mai ganga ya zare hankicin ya kaɗa da ƙarfi, alamar makoki ya ƙare, a koma gida da rawa. A nan ne ƙahon shugaba ke kiran waƙa. Babu ƙaho, babu shugaba. Makaɗa suka dubi juna, sannan suka dubi wanda ya fi kowa daɗewa. Achille ya gyaɗa masa kai.

Elmore ya ja numfashi ya saki waƙar bayan gidan nan. Tuba ta yi gurnani, ta yi dariya, ta yi zagi. Mata suka ɗaga laima, maza suka karkaɗa hankici, titi ya ɗinke da rawa. Odile ta tsaya baki buɗe, sannan ta tuɓe takalma ta shiga fili.

Ya kai ƙarshen waƙar, ya ji bai ƙoshi ba, ya sake ɗaukowa daga farko. Suka wuce coci yana busa. Suka wuce shagon askin yana busa. Daɗin da ya ji bai taɓa jin irinsa ba, ko ranar ƙuri'a. A nan ya yafe wa mamacin har zuciya, don ya gane ashe wuyan mutum nauyi yake yi in idon gari na kansa.

Achille ya gaji da ɗaga sarewa yana saukewa. Ya matso kusa da kunnensa ya daka masa tsawa. "Kai Elmore! Ina layin? Mu ma fa da baki muka zo!"

Elmore ya janye leɓensa daga tagullar, gumi na zuba, ya dube shi da fara'a.

"A yi haƙuri, ɗan'uwa," ya ce. "Lokaci bai yi ba."

Ya mai da bakinsa ya ci gaba.