Abokin Takarata a Kan Gidan Sabon Gari

A shekarar da mai gidan hayarmu na Samaru ya gano cewa ɗalibai sun fi masu iyali kawo kuɗi, a shekarar muka shiga neman gidan kanmu. Ya zo da fara'arsa, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar yara, sannan ya ce zai yanyanka gidan ya mayar da shi ɗakunan 'yan jami'a, kowanne da banɗakinsa. Ya ba mu zuwa ƙarshen dogon hutu. Mu kuwa ga yara, ga Mama, mahaifiyar mijina, wadda ciwon gwiwa ya sa ko dokin ƙofa sai an riƙe ta take tsallakewa.

Ni malamar firamare ce, mijina kuma yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Ba mu taɓa sayen abin da ya fi babur ba. Darasin farko da aka koya mana shi ne mai saye ba ya nuna fuskarsa. Da zarar mai gida ya ji an ce ma'aikacin jami'a ne, sai ya ɗauka kuɗi kuke sharewa a tsakar gida. Don haka dillali ake turawa, ya kai tayi ya dawo da amsa. In an ce albarka, ka ƙara. In an ce an sallama, ka ba da kafin alƙalami, a kira shaidu.

Mun taya wani gida a Jama'a, Allah ya taimake mu aka yi ruwan sama kafin mu biya, muka je muka tarar da kwaɗi sun riga mu tarewa. Mun taya wani a Jushi, har an sallama, sai ga wani ƙanen mai gidan ya ɓullo yana cewa ba a raba gado ba. A ranar mijina ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur.

"Maman yara, na haƙura," in ji shi. "Mu nemi wata hayar kawai."

Na ce masa in shi ya haƙura, ni ban ga ranar da zan daina ɗaura kwanukana a zani ina bin unguwanni ba. Ya ce baki ba ya sayen gida. Na ce shiru ma ba ya saye. Daga nan muka rufe zancen, kowa ya kama fushinsa.

Akwai wani tsohon gida a Sabon Gari da muke wucewa duk Lahadi a hanyar coci. Ba shi da wani kyau na a zo a gani, fentinsa ya koɗe, amma yana da baranda mai faɗi da rijiya, kuma daga titi har cikin ɗaki babu matakala ko ɗaya. Mai shi wani tsohon kafinta ne, Inyamuri haifaffen Sabon Gari, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu. Na ji a bakin matan coci cewa 'ya'yansa sun matsa masa ya sayar ya koma gida kudu.

Ban gaya wa kowa ba. Na sami wani dillali gajere, wanda tsinken sakace ba ya barin bakinsa, na ce ya kai mini tayi, kada ya kuskura ya faɗi ko wace ce. Na roƙe shi ya duba mini ɗakin da ke kusa da ƙofa, ko ƙasansa a shafe take, don ina da tsohuwa mai ciwon gwiwa. Lissafina mai sauƙi ne. Ina da kwasar adashi a hannu, mijina kuma yana da rancen da ya karɓa a wurin aiki tun lokacin gidan Jushi. In an sallama mini sai in ajiye masa zancen a gabansa, aikin gama ya gama, ya kawo nasa a haɗa.

Dillali ya dawo yana juya tsinkensa. "Madam, an ce albarka. Kuma wallahi wani mutum ya shigo, ya ɗora a kan naki."

Na ƙara. Bayan kwana biyu ya dawo ya ce mutumin ma ya ƙara. Ban taɓa tsanar wanda ban sani ba kamar yadda na tsani mutumin nan. Na zana shi a raina da ƙaton tumbi da mukullan mota, zai rushe barandar ya jera shaguna. A addu'ar safe da muke yi da yara, ba tare da na kama suna ba, na roƙi Ubangiji ya rikita lissafin duk mai son shiga tsakaninmu da rabonmu. Mijina ya ce amin da ƙarfin da har Mama ta buɗe ido ta dube shi. Na ji daɗi, na ce ashe fushin ya fara sauka.

A makonnin nan gidanmu ya koma wani iri. Na sayar da kajina na ce wa mutanen gida ina tsoron annoba ce. Nama ya ɓace daga miya, ba wanda ya yi ƙorafi, har da mijina da ya saba laluben ƙasan kwano. Shi kuma ya dawo wata rana a ƙafa ya ce ya rabu da babur, wai injinsa ya fara ƙara. Babur ɗin da ko tari bai taɓa yi ba! Da hankalina yana jikina da na tsaya na yi tunani, amma duk yana can wurin mai tumbi.

Hutu ya kusa ƙarewa, mai gidan haya har ya sauke bulo a ƙofarmu, sai dillalina ya zo da sabon zance. Tsohon ya ce ba zai ƙara karɓar tayi ta bakin kowa ba, yana son ganin masu sayen su biyu da idonsa, ranar Asabar da yamma. Abin da na taya ya riga ya wuce ƙarfina nesa. Amma na ce ko ba komai zan ga fuskar azzalumin nan.

Ranar na ce zan je koyon waƙa na zumuntar mata. Mijina ya ce shi ma zai leƙa wani abokin aikinsa da ba shi da lafiya, ya riga ni fita. Na hau keke mai ƙafa uku daga Samaru, ina ta shirya maganar da zan yaɓa wa mutumin cikin ladabi. Na sauka, na gyara ɗankwali, na yi sallama. A kan bencin baranda, cikin kaftaninsa na zuwa coci, ga mijina zaune, wani dogon dillali a gefensa.

"Baban yara, nan ne gidan marar lafiyar?"

"Ke kuma nan ake koyon waƙar?"

Tsohon kafintan ya yi dariya har ya riƙe ƙirji yana tari. Da ya samu numfashi ya ce, "'Yata, zauna kusa da mijinki. Ni katako na sani, ba boko ba. Amma mutum biyu, dukansu daga Samaru, dukansu suna sauri kafin ɗalibai su dawo, kowanne kuma yana da tsohuwa mai ciwon gwiwa yana tambayar ɗakin bakin ƙofa? Na ce ko dai duk tsofaffin Samaru gwiwa ta kama su, ko kuma tsohuwar nan guda ɗaya ce."

Dillalan biyu suka sunkuyar da kai, kowanne ya rantse bai sani ba. Daga baya na gan su a teburin mai shayi ɗaya suna raba burodi, amma na bar su da Allah.

Abin kunyar bai ƙare a nan ba. Da muka yi ƙus-ƙus a ƙarshen benci, sai ta bayyana cewa shi ma da kuɗin adashina ya yi nasa lissafin, kamar yadda na yi da rancensa. Kowannenmu yana ta ƙara tayi da aljihun ɗan'uwansa. Abin da muke da shi gaba ɗaya, har da kaji da babur, bai kai inda muka tura kuɗin gidan ba. Na ji hawaye na neman zubo mini, na haushi da na dariya a haɗe.

Tsohon ya gama kallonmu ya gyara zama. "Tayin farko na ce albarka, har yanzu kuma albarka, gidana ya fi haka. A kan na biyu na sallama. Abin da ya hau bayan nan faɗan miji da mata ne, ni kuwa ba zan tafi garinmu da kuɗin faɗan aure ba."

Mijina ya durƙusa ya kama hannunsa da hannu biyu. Ni bakina ya kasa komai sai "Baba, mun gode," ina ta maimaitawa. La'ada kam sai da muka biya dillalai biyu a kan gida ɗaya, wannan ba wanda ya yafe mana.

A cikin keke muna komawa na tambaye shi abin da ya sa duk gidajen Zariya sai wannan. Ya ce ai duk Lahadi in mun zo wucewa sai na juya na kalle shi. Na ce ni ina kallo ne don na ga kullum a daidai nan yake rage gudun babur. Keke ya ci gaba da gudu, iska tana kaɗa mu. Na daɗe ban ji ina son mutumin nan kamar yammacin ranar ba.

Mun tare ana saura kwanaki kaɗan ɗalibai su dawo. Da aka sauke Mama daga mota na miƙa hannu zan riƙe ta kamar kullum, sai ta ture shi. Ta dogara sandarta, ta ratsa baranda, ta shige ɗakin bakin ƙofa da ƙafarta, ba wanda ya taɓa ta. Ta zauna a bakin gado tana shafa gwiwa, ta dube mu.

"A cikinku wa ya zaɓo mini gidan nan?"

Muka nuna juna.