Rigar Inna Mai Keke, Ɗinki a Waje

Kafin masu shara su gama da baranda, Inna Mai Keke ta buɗe ɗan ɗakinta da ke bayan wurin wankin asibiti. Ta ɗiga wa keke mai, ta lashi zare ta zura, ta jawo tulin zannuwan gado da suka yage. Faci aka ɗauke ta yi. Yawancin ma'aikata ba sa tunawa da ita sai maɓallinsu ya tsinke.

Bango ɗaya ya raba ta da sashen gashi, inda na'ura ke ƙona ciwon daji da haske mai ƙarfi. Masu ciwon a huhu kan fito a gajiye, haɗiya na yi musu zafi, fatar ƙirji ta yi duhu har ta fara saɓulewa. Inna na jin tarinsu ta taga.

Wata safiya matar wani direban tirela ta leƙo neman tsumma mai laushi, idonta jawur.

"Ƙanwata, tsumman me?" in ji Inna.

"Maigidan ne, Inna. Ya ce ya bar gashin. Ya jure tari, ya jure zafin haɗiya, amma riga ba ta sawuwa, ɗinkin na gurzar masa fata. Ya rantse ba zai fita da tawul a kafaɗa surukansa na kallo ba. Likita ya ba da man shafawa, ya ce a nemi sutura mai laushi. Ya kuma ce in aka katse gashin, ciwon zai samu sarari."

Inna ba ta iya dogon lallashi ba, hannunta ne ya iya. Ta roƙi shugabar masu jinya wani tsohon zanen gado da wanki ya lausasa. Ta yanka riga marar wuya, mai buɗewa ta gaba don kada sai an ɗaga hannu, ta mai da duk ɗinkin waje.

Washegari matar ta lallaɓo direban da ƙyar, yana cin magani. Ya juya rigar ya sake juyawa.

"Inna, ai a juye take. Sai a ce ciwon ya hau min kai."

"Sa dai, ɗana. Kai da ke ribas da tirela, ribas ɗin riga ne zai gagare ka?"

Ya sa. Ya motsa kafaɗa a hankali. "Ba ta cizo," ya ce. A ranar ya koma gashi.

Ba a daɗe ba bencin jira ya cika da riguna masu ɗinki a waje. Har wani mai rakiya, lafiyarsa ƙalau, ya tambayi wane tela ne ke ɗinka su. Direba ya ƙyafta ido ya ce, "Sabon yayi ne, malam, sai an gasa ka ake ɗinka maka."

Inna, ke ce kika gane cewa mai ciwo ba tsawon kwana kaɗai yake roƙo ba, yana so ya zauna cikin mutane da mutuncinsa. Ke ce mai allurar da ba a gudu. Ba ki warkar da kowa ba, ba ki kuma taɓa cewa kin warkar ba, amma mutum nawa suka ƙarasa magani saboda sun samu abin sawa?

Makon jiya ta ajiye aiki, don ido ya fara gardama da kafar allura. Da ta shigo wurin bankwana sai ta tarar masu jinya da likitoci duk sun juya fararen rigunansu. Ga direba a gaba. Ya gama gashi tuni, yana zuwa a duba shi lokaci-lokaci, fatar ta warke, amma ya juya rigar kanti ya sa.

Inna ta toshe baki da tafin hannu. Can ta yafito shi, ta kama haɓar rigar ta kai kusa da ido.

"Wa ya yi maka wannan karkataccen ɗinki?"

Aka fashe da dariya, ita kuma hawaye ya ƙwace mata.

Mun gode, Inna, Allah Ya saka miki da alheri. Mu kuma da muka rage, kowa ya kasa kunne ga tarin da ke bayan bangonsa, ya duba abin da hannunsa ya iya. Keken na nan an rufe shi da ƙyalle, zaren ma ta bar shi a zure.