Sule Giwa da Jak Ɗin da Aka Gwada da Ni

Ku mutanen Ƙofar Ran shaida ne, in gari ya waye, kafin Sule ya gaida matarsa sai ya gaida babur ɗinsa. Wallahi ba sharri nake masa ba, ko da yake taubashina ne, ina da ikon yi. Zai fito da tsohon rawani a kafaɗa, ya tsuguna yana gogewa yana cewa, "Giwa, an tashi lafiya?" Ƙaton baƙin babur ne na sojoji da ya saya a gwanjo can wajen barikin Shadawanka, in ya tada shi kajin layinmu sai su watse. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Giwa ba ta kwanciya. In ta kwanta sai an tara gari."

To, ƙarfen tsakiya da ake kafe ta da shi ya karye tun tuni, Sule kuwa ya ce ba mai waldar da zai kai wuta jikin Giwa. In zai cire taya ko ya duba sarƙa, sai ya mirgino turmin matarsa Asabe, ya yi bisimilla, ya cicciɓi bayan babur ya ɗora a kai. Shi kaɗai! Sai ka ji Asabe daga cikin gida:

"Malam, ina turmina?"

"Yana aiki."

"Gero fa zan surfa!"

"Giwa ta riga ki, sai ki bi layi."

Haka baiwar Allah za ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga maƙwabta. Akwai lokacin da muka ci tuwo a gidan yana ƙanshin baƙin mai. Na yi magana, ya ce ai shi ya sa yake wucewa sumul.

Ana nan sai ciwon ƙaba ya kama shi, aka yi masa aiki. Likita ya ce daga yau kada ya ɗaga abin da ya fi buta. Babban ɗansa Nasiru ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi haƙuri a sayar da babur ɗin nan. Ba za ka bari wani ya taɓa shi ba, kai kuma an hana ka ɗagawa." Asabe ma ba ta jira ba, ta kai turmi ajiya gidan ƙanwarta. Na tarar da Sule a zaure ya yi tagumi, ya zuba wa Giwa ido. Ban taɓa ganinsa haka ba, sai da tausayinsa ya kama ni. Daga ƙarshe suka yi sharaɗi: in ya iya ɗaga ta shi kaɗai ba tare da ya yi nishi ba, ta zauna. In ya kasa, a kira dillali.

Washegari sai ga shi a ƙofar gidana. "Bala, sa rigarka, kasuwa za ka raka ni."

"Me na sani a kan ƙarfe?"

"Ba saninka nake so ba, nauyinka nake so."

Kun dai gan ni, ba sai na yi bayani ba. Ni ne mutumin da mai keke ke cewa in zauna a tsakiya.

Muka je shagon Chinedu mai kayan gyara, wanda ya daɗe a Bauchi har yana cin goro. Sule ya ce jak yake nema na ɗaga babur, Chinedu ya fito da wani mai kamar kwalba, yana murmushi. "Baba, wannan yana ɗaga mota ma, balle mashin."

Sule ya juya shi, ya dubi kansa. "Mota ƙafa huɗu gare ta, in ka ɗaga ɗaya uku na riƙe. Giwa biyu gare ta. A kan wannan ɗan tsinin zan ɗora ta? Ai ko kaza ba za ta tsaya a nan ba."

Chinedu ya kawo wani mai buɗewa kamar almakashi. Sule ya ɗora katako a kai ya ce, "Bala, hau." Na ce ni da furfurata, a tsakiyar kasuwa? Ya ce, "Giwa za a sayar." Sai na hau. Ya fara murɗawa, abu ya ce ƙiii, ya karkace, sai ga ni a ƙasa, hula ta yi gabas ni na yi yamma. Jama'a suna ta sannu, Sule ko kallona bai yi ba. Ya ce wa Chinedu, "Ka gani? Da Giwa ce da yanzu mun shiga uku."

Na uku shi ne mai faɗin nan, mai shimfiɗa biyu da roba a kai, ana taka shi da ƙafa yana tashi. Idon Sule ya yi haske, amma ya murtuke kada a gane. Ya sa na zauna, ya ce ban kai Giwa ba, Chinedu ma ya hau. Muka zauna baya da baya. Ya taka, ya taka, muka tashi sama a hankali, ko numfashinsa bai canja ba. Sai ya karyo kara ya auna tsayin, ya yi alama da farce.

"Ku zauna nan, zan je la'asar. Wani jak ɗin yakan ɗaga, amma ba ya riƙe amana."

"Sule, ni ba musulmi ba ne? Sallata fa?"

"Akwai sauran lokaci. In ka sauka gwaji ya ɓaci."

Haka muka zauna, ƙafafuna na reto, masu wucewa na tambaya ko sayar da ni ake yi. Chinedu daga sama yake ba masu saye amsa. Da Sule ya dawo, bayan ya tsaya gaisuwa da duk wanda ya sani, ya kara karansa ya duba. Bai sauka ba ko kaɗan. Ya ce, "Jak ya ci jarrabawa. Kai ne dai ka cika mita."

A gida ya tara kowa, har Asabe ta leƙo. Ya tura jak ƙarƙashin Giwa, ya goya hannunsa a baya don a shaida, ya dinga takawa yana kallon Nasiru, tayar baya ta bar ƙasa tana juyawa. Nasiru ya yi dariya ya ce, "Shi ke nan Baba, ka ci." Murnar da na gani a fuskar tsohon nan ba ta faɗuwa. Ya juya ya ce, "Asabe, na sallami turminki." Ta ce, "Bayan ka tsufar da shi?" Na ce to a ɗan kai ni madatsar ruwan Gubi mu sha iska, ladan wahalata. Ya ce, "Jak aka gwada da kai, ba Giwa ba."

Ya ƙara shekaru yana hawanta. Da ciwon ajali ya kwantar da shi na je dubiya, ya jawo hannuna ya ce, "Bala, ka ɗora ta a jak, tayoyin kada su gaji. Kada ka bari ta kwanta." Na taka da ƙafata, yana jiyo ƙarar daga ɗaki. Har yau tana nan a zauren, a tsaye.

Ranar da muka ɗauki makararsa na sa kafaɗata, ina jiran nauyin mutumin da ke cicciɓar Giwa shi kaɗai. Sai na ji shi ba nauyi ko kaɗan, a nan hawaye suka ƙwace mini. Allah ya jiƙan Sule, ya sauke masa duk wani nauyi, ya ɗaukaka darajarsa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.