Kofuna Masu Fuska a Ranar Jere

Da safen ranar jere ɗiyar ƙanina ta shigo ɗakina rungume da kwali, ta sauke shi a gabana a hankali kamar mai kwantar da jariri. Ni na riƙe ta tun rasuwar uwarta, a gidanmu na unguwar Misfala a nan Makka ta girma, kuma washegari za a kai ta ɗakin miji. Ta ce, "Gwaggo, wannan ba zai hau mota tare da sauran kaya ba. A cinyarki zai tafi, kuma ke za ki jera su da hannunki."

Ban tambayi abin da ke ciki ba, na sani. Kofuna ne na tangaran, dogaye masu kauri, kowanne da fuska a jikinsa. Wani ya zaro ido, wani ya yage baki haƙora a waje, wani hancinsa ya ci rabin kofin. Tiki take ce musu. Ta taɓa gaya mini siffar daga wasu tsibirai take can tsakiyar teku, kuma a ƙasashen Turawa gidajen giya ne suke zuba abin sha a irinsu. Ita sobiya take sha a ciki, da zoɓo. Na farkon wata hajiya daga nesa ce ta ba ta, lokacin tana aiki a kicin ɗin wani otal a unguwar Jarwal. Daga nan abin ya shiga ranta. Wasu ta samo a kasuwar gwanjo a Jidda, wasu ta waya take sayensu a kawo mata a naɗe. Sai ta kifa kofi ta duba tambarin gindinsa, ta ce wannan tsohon yi ne, wancan kwaikwayo.

Na farkon nan kore ne, kuma ni na ɓata shi. Wata rana tana wurin aiki na ga idanunsa sun dame ni a ɗakin da muke salla, na ɗauki dutsen kaushina na zauna na goge masa ido da baki har farin ƙasar cikinsa ya fito. Da ta dawo ba ta yi kuka ba. Kwado ta sayo ta sa wa dulab ɗinta, wato kabad ɗin da take ajiye su. Shekaru muna kwana gida ɗaya, muna ci a kwano ɗaya, amma makullin nan yana wuyanta. Don haka da ta ajiye mini kwalin na gane abin da ta ɗora mini. In kofi ɗaya ya fashe a hannuna, ko bisa kuskure ne, ba za ta yarda kuskure ba ne, kuma ba na jin za ta sake ba ni amanar ko allura.

Muka ɗauki hanya ni da maƙwabciyata, wata 'yar Chadi mai bakin barkwanci. Duk inda mota ta taka rami sai in ji sun yi ƙara a cikin kwalin, in ƙara rungume shi. Ita kuwa sai tsokanata take, wai in yi musu addu'ar matafiya, tunda ga dukkan alamu ba su taɓa fita gari ba. Ban yi dariya ba. Tunanina yana kan dangin ango. Yaron kirki ne, ɗan Kano, karatun addini ya kawo shi Makka, kuma yayarsa ta zo biki, malama ce da take karantar da mata a can Kano.

Shuggar da ya kama, wato sashen haya a gidan bene, a hawa na uku take. Mata suka kama aiki, masu kafa gado, masu rataya labule, masu turaren wuta. Ni na tsaya gaban kabet ɗin gilashi a falo. Na jera farantai da tasoshi a ƙasa, na bar wa kofunan layin sama. Na fara warware su daga tsummokaransu. Sai dabara ta zo mini: na juya fuskar kowanne ta kalli bango. Bayansu ba komai sai zane kamar saƙar tabarma da ganyen kwakwa. Na ce a raina na jera su da hannuna kamar yadda ta ce, ban kuma tona wa kowa asiri ba.

Bayan la'asar dangin ango suka zo ganin ɗaki. Malama ta gaishe ni har ƙasa, ta shiga uwar ɗaka ta fito tana sa albarka. Da suka iso kabet, wata daga cikinsu ta ga maɓalli a gefe ta danna. Ashe akwai fitila a ciki, kuma ashe bangon kabet ɗin madubi ne. Ni gajera ce, layin sama ya fi ƙarfin idona, ban lura ba. Haske yana kamawa sai ga fuskokin nan reras a madubi, sun zaro mana ido.

Wata ta yi a'uziyya a hankali.

Malama ta buɗe gilashin, ta ɗauko ɗaya ta juya shi a hannunta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaya na wane ne, na ce na amarya ne, tarawa take. Ta ce ba ta zargin yarinya da komai, amma ba za ta ga ƙaninta ya fara zaman aure a ɗakin da aka ɗaukaka surori a kan kowa ba, a wannan gari kuma. Ta ce abu mai sauƙi ne, a cire musu kai sai su zama kofuna kawai.

Maƙwabciyata ta ce, "Malama, ai waɗannan duk jikinsu kai ne. In kin cire kai sai ki sha zoɓo a tafin hannu."

Wasu suka yi dariya, Malama ba ta yi ba. Ta ce to a samo taɓarya ko wani ƙarfe a daddauje fuskokin, yanzu kafin a kawo amarya, don kada abin ya zama magana tsakanin miji da mata. Wata har ta nufi kicin. A al'ada ban isa in yi musu da dangin miji ranar jere ba, kuma can cikin zuciyata ban ga ƙarya a maganarta ba, ai ni ma na taɓa yin abin da take cewa. Amma na tuna ƙarar kwadon nan.

Na miƙa hannu biyu na ce, "Malama, ba ni shi. Ba nawa ba ne, amana aka ba ni. In ba za su kwana a nan ba, na yarda. Amma yadda na kawo su haka zan mai da su."

Ta daɗe tana kallona, kofin yana tsakanin hannunta da nawa. Sannan ta sake shi.

Na fara saukowa da su ɗaya bayan ɗaya ina naɗewa, mata suna tsaye suna kallo. Da na zo kan koren nan sai Malama ta tsai da ni. Ta shafa wurin da dutsen kaushi ya ci, ta ce wannan kam ya zauna, ba shi da sauran fuska, kuma duk wanda ya goge shi Allah ya saka masa da alheri. Mata suka amsa da amin. Ni kuwa kunya ta rufe ni. Ya kamata in roƙa a bar ni in tafi da shi, ban yi ba. Haka aka rufe gilashin, shi kaɗai a layin sama da tabona a fuskarsa, abin da amarya za ta riƙa gani kowace safiya.

Na iso gida kafin magariba na same ta zaune a tsakar ƙawayenta, lalle a hannu da ƙafa. Tana ganin kwalin ta miƙe ta biyo ni ɗaki. Na gaya mata komai, har juyawar da na yi musu da madubin da ya tona ni, har koren da aka bari. Ba ta iya taɓa komai ba saboda lallen, sai ta ce in buɗe. Na warware su a kan darduma tana bin su da ido, bakin kowanne da gindinsa. Babu ko tsaguwa.

Sannan ta sunkuyo da kanta gabana ta ce in cire mata igiyar wuyanta. Makullin dulab ne.

"Khalas, shi ke nan, Gwaggo, ki mai da su inda suke. Ba sai kin kulle ba."

Suna nan har yau. Na yafa wa ƙofar dulab ɗin zane, kuma ba a ɗakin nake salla ba. Duk ranar da ta zo wuni ita take zaɓar wanda za ta sha a ciki, ni kuma in wanke shi da kaina, da soso mai laushi.