Mutum Uku Ya Faɗa Wa, Kotu Ba Ta Saurari Ko Ɗaya Ba

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Hamisu, manomin gyaɗa a Zoza. Har yau ban huce ba.

Da idonsa ya ga maƙwabcin gonarsa, Tanko, ya maka wa wani makiyayi mai suna Buba ƙotar fartanya a ƙeya saboda shanu sun shiga shuka. Buba bai sake tashi ba. Yaya ya yi abin da muka taso muka ga manya na yi. Ko ƙafa bai wanke ba ya je ya faɗa wa mai unguwa, ya faɗa wa liman bayan la'asar, sannan ya zo ya same ni. Kowannenmu sai da Yaya ya ce masa, "Ka zama shaida na faɗa yau." A ganinsa ya ɗaure magana tamau.

A kotu lauyan Tanko ya ce ƙage ne, ai Yaya da Tanko sun daɗe suna rikicin iyakar gona. Yaya ko a jikinsa, don ga mu nan mu uku mun sha manyan riguna, mun zo daga ƙauye. Alƙali ya ƙi sauraronmu. Ya ce mu ba mu ga komai ba, daga bakin Yaya muka ji, kuma rikicin iyakar ya girmi ranar da ya faɗa mana, don haka maimaitawarsa ba ta wanke shi daga zargi. Yaya ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, har liman?" Aka ce ya zauna.

Aka sallami Tanko. Iyalan Buba suka kora shanunsu suka bar yankin. Yaya kuwa, mutumin da ake nema don shaidar ɗaurin aure, ya koma wanda ake yin shiru in ya iso majalisa. Da wannan baƙin cikin ya rasu.

Wani lauya ya taɓa zaunar da ni ya yi mini bayanin hikimar dokar. Na gane, wallahi na gane, amma ba ta dawo wa Yaya da sunansa ba.

Da yana raye, ban san da wane ido zan dube shi ba. A daminar bara faɗa ya kaure a kan hanyar Beli, ina tsaye aka sari mutum. Da 'yan sanda suka tambayi wanda ya gani, ni ƙanin Hamisu na ce yanzu na iso.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ka yafe mini.