Buhun da Na Turara

Ni ban san rubutu ba. Ɗiyata ce ke riƙe da biro. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, in kuka ya zo mini ta jira ni.

Maigidana manomin shinkafa ne a fadamar Zauro. Ni kuwa gumi ne sana'ata tun ina amarya: in jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, in turara ta a tukunya, in shanya, a kai inji. Gona tasa ce, tukunya tawa. Ban taɓa sa masa baki a maganar iri ba.

Yana da wata jar shinkafa mai dogon kara da ya gada wurin mahaifinsa. In ruwan gulbin Rima ya cika fadama, tare suke tashi, ba ta nutsewa. Mutane duk sun koma sabon iri da injin ban-ruwa, shi ya ƙi rabuwa da ita. Kowace kaka yakan ware buhu ɗaya na iri, ya ɗaure bakinsa da jan ƙyalle, ya jingine shi bayan sauran buhuna.

Ya rasu bayan an gama sussuka. Na shiga takaba. Ana zuwa gaisuwa ina amsawa, ban san abin da nake faɗa ba. Da aka yi arba'in kowa ya watse, sai hannuna ya koma aiki shi kaɗai. Buhu bayan buhu nake janyowa ina turarawa, don kada in zauna.

Wata safiya ina shanya, na hangi jan ƙyallen yashe kusa da murhu. Na dubi abin da ke kan tabarma yana tururi. Ja ce. Shinkafar da ta sha wuta ba ta tsirowa har abada.

Ban yi ihu ba. Na ci gaba da baza ta, don in aka bar ta a tare lalacewa take yi.

Babban ɗana ya zo daga Gwadangaji inda yake aiki, na gaya masa.

"Inna, ki bar damuwa," ya ce. "Dama wa zai noma ta? A ba wani aron gonar, a huta."

Na ce to. Amma buhun nan na kasa kai shi inji, na kasa sayarwa. Kullum yana jingine yana kallona.

Da na fita takaba na hau mota zuwa Argungu, wurin ƙanwar maigidana, don na tuna ya taɓa ɗibar mata irin. Mun saba tsokanar juna tun ƙuruciya.

"Matar Yaya, ke ce haka kamar an shanya ki? Ya tahi, ke kuma kin ƙi tuwo don ki bi shi?"

Na zauna na faɗa mata abin da na yi.

"Irin Baba kika dahe?" Ta riƙe haɓa. "Shekara nawa Yaya na tsare shi daga kaji, ashe babbar kazar na cikin ɗaki!"

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ni ina kallonta kawai.

Ta ce tana da saura, amma 'ya'yanta sun gauraya shi da wasu jajayen, ita ba ta iya rabewa. Ta juye mini a faifai. Na tura hannu ciki. Ban yi tunanin komai ba, sai na ji yatsuna suna ware wasu gefe: gajeru, masu kauri, masu kaushin ɓawo da ɗan gashi a tsini. Shekara da shekaru ina murza ta a kan tabarma, ashe ta zauna mini a hannu.

Kwana uku muna zaune ina tsinta ɗaya-ɗaya. Kwano guda da rabi na samu.

"Ashe kin san ta," in ji ta.

"Ni ma ban san na san ta ba."

Na ce wa ɗana ya ba da gonar, amma ya bar mini kusurwar da ruwa ya fi zurfi. Ban taɓa shuka ba. Na yafa irin yadda nake hango maigidana yana yi in na kai masa abinci. Wani ya fito, wani bai fito ba. Ruwa ya zo, abin da ya fito ya tashi tare da shi. Ko rabin buhu bai cika ba, amma iri ne, mai rai. Na ɗaure bakinsa da ƙyallen nan.

Maƙwabta sun ce ai sai in yi murna. Na nemi murnar a raina ban same ta ba. Abin da na gane kawai shi ne, da na aza sanin komai ya bi shi kabari, ashe wani yana wurina.

Ranar da na ɗaure sabon irin na kai tsohon buhun inji. Na yi tuwo, na aika wa maƙwabta sadaka, na ci loma biyu. Irin kuwa yanzu ƙarƙashin gadona yake kwana, nesa da tukunya.

Dakata nan, ɗiyata. Miƙo mini gefen zanen nan.