Kada Ka Tsaya

Shekararmu ta bakwai ke nan a Kuala Lumpur, kuma ta ƙarshe, lokacin da maigidana ya shigo da maganar motar. Muna zaune a hawa na tara a wani bene a Taman Melati, inda in ka leƙa taga kake hango jirgin LRT yana wucewa ta saman kawunan mutane. Shi yana koyarwa a jami'a, ni ina gida da yara mata biyu, babbar shekararta tara, ƙaramar huɗu. Saura wata biyar kwantiraginsa ya ƙare mu tattara komatsanmu mu koma Najeriya.

Ran nan ya dawo da ƙunshin shinkafa daga shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, na ƙasan benenmu. Mutumin da ba ya sayo abincin waje sai yana neman wani abu a wurina, don haka tun kafin ya zauna na gyara zama. Ya ce taron da aka gayyace shi a Ostireliya ya tabbata, bizarmu duka ta fito, kuma in an gama yana so mu yi hayar wata mota mai ɗaki a bayanta, mu ratsa hamada kwana biyar mu ga kwazazzabai.

"Mota mai ɗaki?" na ce.

"Da gado, da murhu, da banɗaki. Komai a ciki."

"Wato akurki mai taya. Malam, wa zai tsare mu a dajin?"

"Boleh, Maman yara," ya ce yana dariya. Wannan kalmar Malayu ce, ma'anarta zai yiwu, kuma ita kaɗai ya riƙe daga harshen a shekara bakwai. Da ita yake rufe min baki a kan komai.

Ba ƙauyanci ne ya sa na tambaya ba. Shekara uku kafin nan, yayana yana tuƙi a wata hanya a gida, ba sai na faɗi sunanta ba, kowa ya san irinta, wata mota ta biyo shi tana ba shi wuta, wani ya leƙo yana nuna masa tayarsa ta baya. Ya tsaya. Sai bayan sati shida muka sake jin muryarsa. Ya dawo da ransa, alhamdu lillahi, amma har yau ba ya zama ya ba ƙofa baya. Ni kuwa ina can wata duniya a hawa na tara, da waya a hannu na yi wannan sati shida. Tun daga nan na ɗauko doka ɗaya na riƙe: a hanya, ko wa ya ɗaga maka hannu, kada ka tsaya.

Da muka isa Ostireliya aka gama taron muka karɓi motar, gaskiya ta ba ni sha'awa, ko da yake ban nuna masa ba. Teburin cin abinci yana naɗewa ya zama gado, akwai wani gadon a saman kan direba inda yaran suka yi ta faɗa a kai, ga ɗan firji, ga tankin ruwa a ƙarƙashi da geji a bango yana nuna abin da ya rage. Abin da ya ɓata min rai shi ne banɗakin. Wurin wanke hannu da masai a ɗaki ɗaya suke, ɗakin kuma bai kai faɗin sallaya ba. Na ce ni ba zan yi alwala a nan ba, ba zan tsaya gwiwata na gogar masai ina wanke fuska ba. Butata na ɗauko daga akwati, wadda na taho da ita tun daga Taman Melati ana min dariya. A rana ta biyu na gano wani ɗan famfo a ƙasan motar, kusa da tayar baya, in ka murɗa ruwa ya zubo. Na ce to, ashe masu motar sun san da mu.

Ƙasar kuwa ban taɓa ganin irinta ba. Ja ce wur, kamar an zazzage garin jan bulo daga nan har ƙarshen gani, da 'yan ciyayi masu ƙaya da ba su kai gwiwa ba. Sai ku yi awa biyu ba ku ga gida ba, ba akuya, ba mai tallar gyaɗa. Sa'an nan kwatsam ƙasa ta tsage, ka leƙa ka ga kwazazzabo mai zurfin da zai haɗiye benenmu, bangonsa hawa-hawa, ja da ruwan ƙasa da fari-fari. Maigidana yana ta tasbihi yana ɗaukar hoto, ni ina riƙe da rigunan yara ta baya ina duba inda mutum zai iya ɓuya.

Abin da ya fara tayar min da hankali shi ne yatsa. Duk motar da za mu yi kiciɓis da ita, sai direban ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Na farko ya yi, na biyu ya yi, na uku ya ɗaga biyu.

"Malam, ka ga abin da suke yi? Ƙirga mu suke."

"Gaisuwa ce."

"Wace irin gaisuwa ce ba sallama, ba murmushi?"

Babbar 'yata kuwa ta samu abin yi. Ta manne a taga tana ɗaga wa kowa hannu biyu-biyu. Yarinyar nan a Kuala Lumpur ta yi wayo, ta saba gaida mai gadi da direban bas da tsohuwar da ke sayar da ayaba, in na yi mata Hausa ta amsa min da Turanci. Na ce ta sauke hannunta. Ta ce da Turancinta na 'yan Kuala Lumpur, "Gaisuwa ce kawai lah, Umma."

A rana ta uku da azahar muka tsaya a wani gidan mai, shi kaɗai a tsakiyar fili, famfon mai biyu da shago. Maigidana ya cika tankin mai da na ruwa, don daga nan hanyar burji za mu kama zuwa wani kwazazzabo, kuma ba sauran ruwa sai an dawo. Ya shiga shago da yara, ni na tsuguna gefen taya da butata. Ina cikin tara ruwa na ji ana kallona. Wani tsohon Bature ne jingine da farar a-kori-kura, fuskarsa duk rana ta dafa ta, da hular malafa da wani kare a bayan motar. Ya matso ya yi magana da wani Turanci da sai na kasa kunne sosai. Ina za mu? Mu nawa ne? Kwana nawa za mu yi? Ruwa nawa muka ɗauka?

Tambayoyin nan huɗu, a inda na fito, ba mutumin kirki ne ke jera su ba. Na murɗa famfon a gurguje na miƙe, na ce masa mu da yawa ne, 'yan'uwanmu maza suna bayanmu a mota biyu, kuma gari za mu koma. Ya dubi motar, ya dube ni, ya taɓa bakin malafarsa ya koma. Alwalar ma a tsaitsaye na ƙarasa ta, sallar kuma a cikin akurki na yi da ƙofa a kulle.

Mun yi kamar minti ashirin a kan burji lokacin da na hango ta a madubi. Farar a-kori-kura ce cikin jar ƙurar da muke tayarwa. Na zuba mata ido, ko za ta kauce. Ba ta kauce ba. Sai ta fara ba mu wuta, tana kunnawa tana kashewa.

"Malam, ga shi nan. Mutumin gidan mai."

"Wane mutum?"

Na gaya masa. Ya duba madubi, ya ɗaga ƙafa daga totur.

"Ƙila wani abu ne ya faɗi. Bari in tsaya in ji."

"Wallahi kada ka tsaya! Na ce masa gari za mu, me ya kawo shi nan in ba bin mu yake ba?"

Na duba waya, ba sabis ko ɗigo. Tsohon ya fara danna oda, ya zuro hannu ta taga yana nuna ƙasan motarmu, daidai tayar baya. Haka aka yi wa yayana, haka sak. Na riƙe hannun maigidana na ce in ya tsaya ban yafe ba. Ban taɓa gaya masa irin wannan maganar ba, kuma ya ga idona, sai ya taka mota.

Akurki ba motar gudu ba ce. Tukwane suna kaɗawa a cikin kabad, ƙofar firji ta buɗe, ƙaramar ta fashe da kuka. Na sa yaran suka kwanta a ƙasa tsakanin kujeru, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ta shiga kasuwa ce. A-kori-kurar ba ta wuce mu ba, ba ta kuma bar mu ba. Haka muka yi kusan awa guda. Ni a raina har na gama lissafin yadda zan yi da wuƙar yanka albasa.

Hanyar ce ta ƙare mana. Burjin ya kai bakin kwazazzabo ya tsaya, sai wani fili da shingen ƙarfe, bayansa rami. Ba kowa a wurin. Maigidana ya kashe mota ya ce in kulle ƙofa, ya fita. Ina kallo ta labule, tsohon ya sauko hannu sake, ko kallon maigidana bai yi ba, ya wuce kai tsaye wurin tayar baya ya durƙusa da ƙyar. Na ga ya murɗa wani abu. Sai a lokacin idona ya kai kan gejin da ke bango. Allurar tana kwance a ƙasa.

Ashe ɗan famfon nan ba don alwala aka yi shi ba, ta nan ake zubar da ruwan tanki gaba ɗaya. A gurgujen da na yi don in rabu da tsohon, rabi na rufe shi, girgizar hanya ta ƙarasa buɗe shi. Shi kuwa ya ga jiƙaƙƙen layi a ƙasa ya fita daga gidan mai ya nufi burji, ba gari ba, ya san kuma ya ga yara biyu. Da mun tsaya tun farko, da kofi kaɗan muka rasa. Yanzu abin da ya rage mana ruwan buta ne da gora ɗaya, da rana mai narka roba.

Tsohon ya sauke jarka biyu na ruwa daga bayan motarsa. Babbar 'yata ta fito da kofi tana murna, ya tsiyaya mata. Kafin ta kai baki na fizge kofin. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne ya yi. Na shinshina ruwan a gabansa, mutumin da ya bar harkarsa ya sha ƙurarmu awa guda. Ya dube ni. Ya miƙo hannu ya karɓi kofin ya shanye, ya sake cikawa, ya ba yarinyar. Sa'an nan ya tambaye ni, da fuskar gaske, ko 'yan'uwan nawa maza na mota biyu suna da isasshen ruwa. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Maigidana ya juya baya yana kallon kwazazzabo, kafaɗunsa suna rawa, ban sani ba ko dariya ce ko sauran tsoro.

Ban iya yi wa tsohon bayani ba. Ta ina zan fara, da wane Turanci? Godiya kawai na yi ta yi, na cusa masa dabino a hannu. Ya tafi ya ɗaga mana yatsa ɗaya, babbar ta ɗaga masa hannu biyu har ƙurarsa ta ɓace.

Da muka dawo Taman Melati an yi ta min tsiya. In na ɗauki buta sai maigidana ya ce in duba famfo. Na bar shi ya sha dariyarsa, ya cancanta. Muka shiga haɗa kaya a kwalaye, muna rubuta sunan garinmu a jiki.

Saura sati biyu mu tashi, ina cikin LRT da babbar, mun sayo mata takalman makarantar da za ta shiga a gida. Jirgi ya tsaya a wata tasha, wata mata a waje ta ɗaga mata hannu, ita ma ta ɗaga. Sai ta juyo, kuma da Hausa ta yi maganar, wadda take ta koyo saboda komawa.

"Umma, in mun je gida, wani ya biyo mu yana nuna taya, za mu tsaya ko? Kamar kakan nan mai kare."

Na tuna jarka biyun nan, na tuna kofin da ya shanye a gabana. Na kuma tuna yayana da kujerarsa mai kallon ƙofa. Tana jira, idonta tar a kaina, da kwalin takalmi a cinya.

Na ce mata a'a, ba za mu tsaya ba. Na kama hannun da ta ɗaga, na mayar mata da shi kan kwalin.